Lokacin Da Alƙalami Ya Fara Biyan Kuɗin Jami'a

Ba boko ne ya kawo Hausawa Agege ba. Goro ne da shanu, sai jirgin ƙasa da ya haɗa Ikko da Kano a 1912 ya sauƙaƙa zirga-zirga, Zango ya cika ya batse. Shi ya sa tsawon shekaru, yaro in ya gama makaranta hanyarsa a bayyane take: rumfar mahaifinsa, ko mayankar Oko-Oba, ko kasuwar Mile 12. Gwamnan Legas Lateef Jakande ya ba da ilimi kyauta tsakanin 1979 da 1983, ya cika unguwanni da ajujuwa, yaranmu da dama suka samu shiga. Amma jami'a tana son kuɗin fom, da na masauki, da na littattafai, kuma a gidan da baki ya yi yawa ba kowane yaro ake iya ɗauka ba.

A cikin wannan hali gasa ta zama ƙofa. A 2001 gidauniyar New Era ta Oluremi Tinubu, uwargidan gwamnan lokacin, ta fara gasar harhaɗa kalmomin Turanci tsakanin ɗaliban sakandare, wanda ya ci kuma ya zama gwamna na kwana ɗaya a Alausa da ke Ikeja. Ebuka Anisiobi ne ya fara hawa wannan kujera. Labarin ya ratsa makarantu, domin an ga yaro ya zauna inda manya ke zama ba don gidansu ba, sai don abin da ke kansa.

Sai a 2011 gidauniyar bankin UBA ta buɗe gasar rubutun insha'i ta ƙasa ga 'yan babbar sakandare. Tsarinta ya burge ni tun farko. Ana ba da maudu'i ɗaya, ɗalibi ya rubuta da hannunsa. A tace, a zaɓi goma sha biyu, a kira su Legas su sake rubuta wani a gaban alƙalai, don a tabbatar ba wani ne ya yi musu ba. A shekarun farko na ɗaya yana samun naira miliyan ɗaya, na biyu dubu 750, na uku dubu 500, tallafin karatu a duk jami'ar Afirka da yaro ya zaɓa.

Abin da nake tunawa da kewa shi ne yadda ake shiri a wancan zamani. Malamin Turanci zai yanko sanarwa daga jarida ya manna a allo. Bayan an tashi, ya zauna da ɗalibai biyu ko uku, su yi ta muhawara kan maudu'in har la'asar. Yaro ya rubuta, malam ya ja jan biro, yaro ya koma ya sake, wani lokaci da fitilar ƙwai in an ɗauke wuta. Ko bai ci ba, ya fita da abin da zai amfane shi har tsufa: ya iya tsara tunaninsa ya kare shi.

Sai dai a unguwanninmu wannan wahala yawanci yaro ne kaɗai ke ɗaukarta. Uba zai ce, "Kai dai ka gama ka zo ka kama mini rumfa." Yarinya kuwa aikin gida ya cinye mata yammacin. Alhali mun iya rainon gwani. Tun da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ta fara musabaƙar Alƙur'ani ta ƙasa a 1986, kowa ya ga yadda Islamiyya ke ware mai hadda, a ɗauke masa aike, a ɗinka masa sutura, in ya dawo da nasara a yi walima. Wannan gata ya dace ƙwarai, kuma da mai alƙalami ya samu irinsa da labarin ya bambanta.

Gasar rubutu ba baƙuwarmu ba ce. Ta 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya ce ta fito da Ruwan Bagaja, lokacin Abubakar Imam yana matashin malami a Katsina, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Gasar kamfanin ɗab'i na NNPC ta ba mu So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980, kuma tun 2016 Hikayata ta BBC Hausa take zaƙulo mata marubuta.

Yau kuɗin kyautar gasar UBA ya ninka, ana tura rubutu ta intanet, amma zaman malami da ɗalibi ya yi ƙaranci, kwafe ya yi yawa. Attajiran goro da na shanu na Agege suna da ƙarfin kafa gasa ta shekara-shekara, da Hausa da Turanci, ga 'yan ajin ƙarshe maza da mata. A biya wa waɗanda suka ci kuɗin WAEC da JAMB da na shekarar farko a jami'a, a kuma saka wa malaman da suka zauna da su.