Allurar da Na Ce Sai Gobe

Karatu: Karin Magana 12:10, Yakubu 4:13-17

A ƙauyenmu, da ke tsakanin Rano da Kibiya, ba a raɗa wa kare suna don ado. Sunan kare magana ce da mai gida yake son faɗa wa wani, amma kunya ta hana shi, sai ya ɗora wa kare, kullum ya kira shi saƙo ya isa. Shi ya sa ranar da na dawo daga kasuwar Kibiya da wani jan kwikwiyo a cikin kwando, mahaifiyata ta leƙa, ta dube shi, ta ce, "Sunansa Barsu." A lokacin akwai wasu dangi da ke ta yi da mu a kan gonar gado. Iya ba ta taɓa tanka musu ba. Amma safe da yamma sai ka ji ta a bakin zaure tana kira, "Barsu! Barsu!" da muryar da ke tsallake danga uku.

Kafin zuwansa gidan yana da mai shi, wato kyanwar Iya, wata baƙa mai farin wuya da yara suke kira Gimbiya. Aikinta tsaron rumbu, kuma gaskiya tun da ta zo ɓera bai sake yi mana ɓarna a dawa ba. Ranar farko da kwikwiyon ya nufe ta da wasa, ta ɗaga hannu ta shara masa mari a hanci, ta ci gaba da lasar jikinta. Tun daga nan ya san matsayinsa. Ko da ya girma ya ninka ta sau biyar, in ta nufo kaskon abincinsa sai ya ja da baya, ya zauna, ya jira ta gama.

Ɓarnar Barsu ba ta ƙirguwa. Ya tarwatsa zabin maƙwabta, ya tone irin rogon uwargidana, ya yaga gidan sauro. Wata rana fasto ya kawo mana ziyara, ya tuɓe takalmansa a bakin ƙofa, muka yi addu'a mai tsawo. Da muka ce amin aka nemi ƙafa ɗaya aka rasa, sai can bayan turken awaki aka same ta, rabi a ciki rabi a waje. Ran Lahadi kuwa ko an ɗaure shi sai ya kwance, ya riga mu isa majami'a, ya shige ƙarƙashin bencin yara. Da zumuntar mata sun ɗauki waƙa sun buga tulu, sai ya ɗaga kai ya kama nasa amshin. Dattawa sun gaji da korarsa. Fasto ma, da ya riga ya yafe zancen takalmi, ya taɓa cewa a tsakiyar wa'azi, "Ku ƙyale shi, shi kaɗai ne a ikkilisiyar nan bai taɓa makara ba."

Akwai laifin da ya sha duka a kansa alhali ba nasa ba ne. Nonon da uwargidana take ajiyewa a ƙwarya ya riƙa raguwa, faifan a ture. Sau biyu na zane shi da tsumagiya. A karo na uku muka tarar da Gimbiya a kan danga tana lasar gashin baki, fari fat. Kunya ta kama ni. Na kira shi, ina tsammanin zai noƙe, sai ga shi a guje yana kaɗa wutsiya, ya kwanta a ƙafata, kamar ba hannun nan ne ya dake shi jiya ba. Na daɗe ina tunanin wannan. Ni da nake karanta zancen gafara kowace safiya, akwai ɗan'uwana da na shekara biyu ba na gaishe shi saboda iyakar gona.

Bayan ɓarna, akwai amfani. Shi ke raka ni gona, ya kori biran da ke saukowa daga duwatsu su tone gyaɗa. Wani dare haushinsa ne ya tashe mu, muka fito muka tarar an riga an kwance akuya biyu, ɓarayin sun gudu sun bar igiya. Da hunturu kuwa, in sanyi ya tsananta, sai ka same su shi da Gimbiya a bakin murhu, ta cusa kai cikin wuyansa, an manta da gaba sai gari ya waye. Amma duk gidan ba wanda ya shaƙu da shi kamar autarmu. Da wutsiyarsa ta koyi tsayuwa. In an ba ta ƙosai, rabi nata rabi nasa.

A cikin dattawan ikkilisiyarmu akwai wanda ya yi aikin malamin dabbobi kafin ya yi ritaya. Kowace shekara yakan tashi lokacin sanarwa ya ce duk mai kare ya kai shi a yi masa allurar rigakafin hauka, sau ɗaya a shekara. Yakan ce ba daga nesa ake kawo maganin ba, a nan Vom ta Jihar Filato ake yin sa, kuma kuɗinsa bai kai na zakara ba. Sau uku ya tare ni a bakin majami'a a kan Barsu. Na farko na ce sai an gama shuka. Na biyu na ce sai an yi girbi. Na uku na ce bari a wuce hidimar Kirsimeti. Ban taɓa ce masa a'a ba. Kullum amsata, "Gobe, Baba, da yardar Allah." Rano ba nisa, kuɗin ma akwai. Kawai dai ina ganin kare ne, kuma lafiyarsa ƙalau.

Cikin watan Afrilu, ana tsananin zafin bazara, auta tana da shekara 6, ta bi yayyenta rijiya da yamma. Wani baƙon kare ya ɓullo daga wajen daji, wutsiya a ƙasa, yawu na dalala, ba haushi ba gurnani. Manyan suka watse, ita ta tsaya da ɗan bokitinta. Ya cafke ta a ƙauri. Waɗanda suka gani sun ce kafin ya sake kai baki, Barsu ya riga ya dira a kansa. Suka yi ta birgima cikin ƙura har samari suka iso da sanduna suka kashe baƙon. Barsu ya taso kunne a yage, kafaɗa na jini, ya nufi yarinyar yana shinshina ta.

Nan take shawara ta yi yawa. Wani ya ce a ƙona gashin karen a shafa, wata ta ce a ɗaure da ganye. Dattijon nan ya ratso taron, ya sa aka kawo sabulu da ruwa, ya yi ta wanke ciwon ana kwarara ruwa har minti 15, tana ihu bai fasa ba. Maƙwabcinmu, Musulmi ne, wanda ko inuwar kare ba ya so a zaurensa, ya riga ya tayar da babur. Ya ce mini, "Malam, yanzu ba lokacin magana ba ne, ɗauko yarinyar nan." Inda muka fara zuwa ba a sami allurar ba. A daren muka bi ta Bunkure muka shiga Kano. Likitan da ya duba ta ya ce mun yi sa'a da muka wanke kuma muka zo da wuri, domin ƙwayar cutar tana cikin yawun kare, tana bin jijiya a hankali har ta kai ƙwaƙwalwa, in kuwa alamu suka bayyana, magani ya ƙare. Aka rubuta mana ranakun da za mu riƙa komawa. Kafin a gama allurai, akuya biyun nan da Barsu ya ƙwato daga hannun ɓarayi duk mun sayar.

Daga baya na ji cewa tun shekarar 1885 Allah ya ba wani masani ɗan Faransa, Louis Pasteur, basirar wannan allura, ya gwada ta a kan wani yaro ɗan shekara 9 da mahaukacin kare ya ciza, yaron kuwa ya rayu. Duk da haka Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon yana kashe kimanin mutum 59,000 kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, da yawansu yara. Magani ya fi shekara ɗari a duniya. Abin da ke kashe su, rashi ne da nisa, da kuma irin goben da na yi ta faɗa.

Auta ta tsira. Saura Barsu. Dattijon ya gaya mini gaskiya tun a daren farko: da an yi masa rigakafi, da akwai abin yi, tun da ba a yi ba, hanya mafi aminci ita ce a kashe shi. Na kasa. Na roƙa a bar ni in tsare shi, na ɗaure shi da sarƙa a tsohon ɗakin kaji, na hana kowa zuwa kusa, ina tura masa abinci da sanda. Wani ma ya ba ni shawara in sayar wa fataken karnuka in rage asara, na ce ba zan kai wa gidan wani abin da nake tsoro a gidana ba. Mako uku yana ganina yana kaɗa wutsiya, yana mamakin laifin da ya yi. A na huɗu ya daina cin abinci, ya koma lungu mai duhu, muryarsa ta sauya, ya fara gatsar itacen ƙofa. Na kira sunansa, ya dube ni da idon da bai san ni ba.

Wani maharbi ne ya zo da asuba. Na sa aka kai yara gidan kawunsu. Muka haƙa rami mai zurfi a bayan gona, muka binne shi da sarƙar da kaskon. Iya, wadda ta raɗa masa suna, ba ta ce kome ba sai da na dawo na wanke hannu. Sa'an nan ta ce, "Shi dai ya riƙe amanarsa." Ba ta ƙara ba, ni ma ban bukaci ƙari ba.

Ƙaunatattu, na sha karanta wasiƙar Yakubu sura 4, inda manzon yake tsauta wa masu shirya gobe kamar a hannunsu take, ya kuma rufe da cewa sanin abin kirki da ƙin aikata shi zunubi ne. Dā ina ɗauka da manyan attajirai yake. Ashe da ni yake, da 'yar tafiyar da ba ta fi awa guda ba. Mun iya tuba daga abin da muka aikata: ƙarya, fushi, sata. Wanda muka bari ba mu yi ba kuwa, da wuya mu kira shi da sunansa, sai mu ce mantuwa ce ko hidima ce ta yi yawa. Karin Magana ta sa kula da ran dabba cikin alamun adali. Wato Allah yana duba yadda na riƙe abin da ba shi da bakin kai ƙarata. A wurinmu kare abin zagi ne, in an so wulakanta mutum da shi ake haɗa shi. Amma da Allah ya yi alkawari bayan ruwan tsufana, a Farawa sura 9, bai tsaya kan Nuhu da 'ya'yansa ba, ya haɗa da kowane mai rai da ya fito daga jirgin. Da ya ji tausayin Nineba, har dabbobinta ya lissafta wa Yunusa.

Da auta ta dawo ta tarar da ɗakin kaji a buɗe, ta tambaye ni, "Baba, Barsu yana wurin Yesu?" Na ɗauke ta na ɗora a cinya. Na gaya mata abin da Ubangiji ya koya a Matiyu sura 10, cewa ko ɗan tsuntsun da ba shi da daraja a kasuwa ba ya faɗuwa Uba bai sani ba. Na gaya mata cewa Bulus ya ce dukan halitta tana nishi tana jiran ranar da za a 'yantar da ita daga ruɓa. Na ce wanda ya yi Barsu ya fi mu sanin sa, ya kuma fi mu ƙaunarsa, a hannunsa muka bar shi. Sa'an nan na faɗa mata abin da ya fi wuya, cewa da babanta ya yi abin da aka gaya masa, da watakila Barsu yana nan. Na roƙe ta gafara. Ta share mini ido da bakin zanenta, ta ce, "Ba kome, Baba." A bakin yarinya 'yar shekara 6 na ji gafarar da na kasa yi wa kaina.

Gimbiya ta yi kwanaki tana zagaya murhu tana kuka, ta ƙi kwanciya a wurin da suka saba. Ni kuma a makon nan na tafi gidan ɗan'uwan nan nawa, na yi sallama, muka gaisa, domin na ga abin da gobe take iya ci. Yanzu muna da wani karen, takardar allurarsa tana cikin Littafi Mai Tsarki nawa, daidai kan Yakubu sura 4. Dattijon nan ƙarfinsa ya ragu, ni nake tashi in yi sanarwar a madadinsa kowace shekara.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, mene ne ka san ya kamata ka yi, kake ta cewa sai an yi girbi? Ko allurar kare ce, ko ta yaro, ko bashin da ka riƙe, ko gaisuwar da ka hana wani, ko amsa kiran Almasihu da kansa. Rana ba ta faɗi ba tukuna. Tashi ka yi shi yau.

Addu'a: Ya Uba, Mahaliccin mutum da dabba, mun gode maka saboda halittun da ka sa a gidajenmu, masu tsaronmu da masu sa mu dariya. Ka gafarta mana alherin da muka sani muka ƙi yi. Ka ba mu zuciyar riƙon amana a kan ƙanana da marasa baki, ka ta'azantar da duk wanda yake makokin abin da ya rasa ta wurin sakacinsa. Ka koya mana yin biyayya tun ana ce da ita yau. A cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.