Ranar da Na Ce wa Kawu Na Tabbata

Daga farkon Satumba zuwa ƙarshen Oktoba, lokacin tsinkar inabi a Jamus, akwai wani abin sha da ke cika kantuna da rumfunan bakin hanya, sunansa Federweisser. Ruwan inabi ne da aka matse kwanan nan, aka bar shi ya fara tsima, aka fito da shi kasuwa tun bai gama zama giya ba. Ba ya garau, yana da zaƙi sosai, yana ɗan tsirta a harshe irin na lemon kwalba. Yis ɗin da ke cikinsa da rai yake, yana cin sukarin yana mayar da shi barasa da iskar gas. Ana fara sayar da shi barasarsa tana wajen kashi 4 cikin 100, in aka bar shi kwanaki sai ta haura har wajen kashi 11, zaƙin ya tafi. Shi ya sa ba a toshe kwalbarsa ruf. Murfin yana da kafar da iska ke fita, don in aka toshe kwalbar fashewa za ta yi. Wanda ya san bammi ya san halinsa: da safe zaƙi, kafin yamma ya zama abin da ke kayar da ƙato.

Duk wannan bayani bayan aikin gama ya gama na san shi. Kafin nan ina ganin kwalaben a kanti, a wurin sanyi, ba nisa da lemuka, na yanke wa kaina hukunci cewa ruwan inabi ne wanda ba a tace ba, irin ruwan tuffa mai kauri da Jamusawa ke so. Ban taɓa saya ba, ban taɓa ɗaga kwalbar na karanta ba.

Ina karatu a Bonn a lokacin. Kawuna, yayan mahaifiyata, ya zo daga Kano aka yi masa aikin gwiwa. Dattijo ne da ya haura sittin, ɗan kasuwar yadi, mai karatun zaure, wanda ko lemon kwalba sai ya juya ya duba kafin ya kai baki. Ni ne bakinsa, ni ne kunnensa a ƙasar. Da ya fara takawa da sanda, masu gashin ƙafar suka ce ya riƙa tafiya kaɗan-kaɗan, shi kuma zaman ɗaki ya ishe shi. Sai na ce bari in kai shi ya ga ƙauye.

Muka hau jirgin ƙasa muka bi ta Remagen muka shiga kwarin Ahr. Wannan kafin ambaliyar Yulin 2021 ne, wadda ta ci rayuka fiye da 130 a wannan kwari, ta tafi da gadoji da layin dogon da muka bi. Ahr yana cikin ƙananan yankunan inabi 13 na Jamus, gonakinsa duka ba su kai hekta 600 ba, kuma mafi yawan abin da suke nomawa jan inabi ne, duk da wurin ya yi arewa sosai. Sirrin yana jikin duwatsun: baƙin dutse ne mai falle-falle da ke shan zafin rana ya riƙe shi har dare. Gonakin a rataye suke a gangaren tsauni, hawa-hawa, an tokare kowane hawa da katangar dutse. A wurare da yawa tarakta ba ta iya hawa, da hannu ake tsinka, a goyo ake saukowa da shi. A garin Mayschoss ne manoman inabi suka kafa ƙungiyar gama-kai a 1868, wadda ake lissafawa ita ce mafi daɗewa irinta a Jamus. Kawu ya daɗe yana kallon gangaren ta taga, ya ce mutanen da suka yi noma a nan ba ragwaye ba ne.

Ban shirya kai shi bikin giya ba, amma a wannan kaka kusan kowane ƙarshen mako akwai ƙauyen da ke nasa bikin, muka sauka muka taras da ɗaya. An jera dogayen tebura a dandali, masu busa ƙaho suna ta yi, an naɗa wata budurwa sarauniyar inabin shekara, tana zagawa da kambi a ka. A rumfunan manoma mutane na ɗanɗana giya iri-iri. Kaɗan ake zuba wa mutum a tambulan mai dogon wuya, ya ɗaga ya duba launin a hasken rana, ya juya shi a hankali, ya sa hanci, sannan ya kurɓa ya riƙe a baki. Manomin yana tsaye yana bayanin gonar da aka tsinko da shekarar da aka matse. Kawu ya kalle su ya yi istigfari a hankali, ya ce mu nemi abin da za mu ci mu wuce.

A wajen abinci na yi abin kirki. Akwai wani gashin albasa a kan ƙullun fulawa da ake ci a wannan lokaci, ƙamshinsa ya cika wurin, Kawu ya nuna shi. Na san ana yanka kitsen alade ƙanana a ciki, na hana shi. Na samo mana burodi da cuku da soyayyen dankali, bayan na tambayi man da aka soya. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Ai da ba ka nan da na ci haram da kuɗina." Wannan yabo ya shiga kaina fiye da yadda ya kamata.

Sai ƙishi. A wata rumfa wata dattijuwa tana zuba wannan abin sha daga babbar jarka, ga tarin inabi a kwando a gefenta. Na ce ta ba ni tambulan biyu. Ta dubi Kawu da hularsa da carbinsa, ta dube ni, ta yi wata magana mai ɗan tsawo da harshen mutanen yankin, wanda ya sha bamban da Jamusancin aji, ga kuma ƙarar ƙaho. Kalma biyu ko uku na tsinta. Na san tambaya take yi, don na ji muryarta ta tashi a ƙarshe. Abin da ya kamace ni shi ne in ce ban gane ba, ta maimaita. Amma Kawu yana tsaye a kafaɗata, yanzun nan ya gama yabona, kuma a gida an riga an baza cewa ɗan wance ya iya Jamusanci kamar Bajamushe. Na gyaɗa kai na ce mata i, i.

Da na miƙa masa, ya shinshina, ya ɗan yamutsa fuska.

"Wannan fa, lafiya yake kuwa?"

"Ruwan inabi ne kawai, Kawu. Yanzu aka matse."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

Ya yi bisimilla ya sha. Ni ma na sha. Zaƙin ya rufe komai, ga sanyi, ga rana. Ya shanye nasa ya ce ai wannan ya fi duk lemukan da ake kawo masa a asibiti, na ƙaro masa rabi. Muna zaune muna hira sai na ji kunnuwana sun yi ɗumi. Kawu ya cire hula ya share goshi, ya ce kansa ya ɗan yi nauyi, ƙila tafiyar ce.

A irin waɗannan bukukuwa ana karɓar kuɗin ajiya a kan tambulan, in ka mayar a ba ka kuɗinka. Da na je mayarwa na ce bari in sayi kwalba ɗaya mu tafi da ita gida. Dattijuwar ta miƙo ta tana nuna mini da hannu kada in kwantar da ita, ta ɗora yatsa a kan murfin. Na kai kunne, na ji yana huci. Wani saurayi da ke taya ta ya ga ban fahimta ba, ya yi mini bayani da Turanci: tana kan tsima ne, kada in rufe, in sa a firji in ina so ƙarfinta kada ya ƙaru da sauri. Na ce ƙarfin me? Ya juya kwalbar ya nuna mini rubutun da ke jiki. Sannan ya ce ai kakarsa ta tambaye ni ɗazu ko na san akwai barasa a ciki, don ta ga alamar mu Musulmi ne, tana da ruwan inabi na gaske a ƙasan tebur, ni kuma na ce i.

Matar nan ta yi abin da ya wajaba a kanta har da ƙari. Ta ga baƙo, ta yi masa tunanin addininsa, ta tambaya. Ni da nake ɗan'uwansa na rufe mata baki da i ɗin ƙarya.

Abin da ya biyo baya ya fi ba ni kunya. Na ajiye kwalbar, na komo wurin Kawu, ban ce komai ba. Muka taka zuwa tasha, muka hau jirgi, ina ta saƙawa ina kwancewa. Zuciyata tana ce mini ai bai sani ba, wanda bai sani ba ba shi da laifi, in na faɗa masa baƙin ciki kawai zan sa masa, shiru ma tausayi ne. Hujjar ta yi kyau a baki, amma na san ba shi nake karewa ba. Kuma ba tsoron Allah ne ya fara buɗe bakina ba. Ganin ya zaro ƙwayoyinsa na yamma ne. Yana shan maganin tsinka jini tun bayan aikin, ga na kashe zafi, kuma da bakina na fassara masa takardar da ta ce kada a haɗa su da barasa, har muka yi dariya a lokacin cewa wannan sharaɗi bai shafe shi ba.

Na riƙe hannunsa na ce, "Kawu, dakata. Abin da muka sha ɗazu akwai giya a ciki. Matar ta gaya mini, ban gane ba, na yi kamar na gane."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, ya mayar da ƙwayoyin aljihu, ya juya wajen taga. Na kira lambar asibitin, likitan da ke bakin aiki ya tambayi yawan abin da ya sha da lokacin da ya sha, ya gaya mini wanda za a jinkirta da alamun da in na gani in kawo shi. Allah ya kiyaye, ba abin da ya faru. Har muka isa Bonn bai ƙara ce mini uffan ba.

Washegari bayan sallar asuba ya kira ni. Ya ce shan da ya yi bai dame shi ba ta fuskar hukunci, don Allah ba ya kama bawa da abin da ya yi bisa kuskure. Ya ce wannan mas'ala ma tsohuwa ce a fiƙihu: ya zo a Sahihu Muslim ana jiƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, busasshen inabi ya sha ruwan, amma ba ya wuce kwana na uku, abin da ya rage a kawar da shi, saboda an san zaƙi in ya kwana yana juyawa. Ya ce da na gaya masa ruwan inabi ne da aka matse aka ajiye, ban san kwanansa nawa ba, da shi da kansa ya san abin yi.

"Hancina ya gaya mini," in ji shi. "Na bar hancina na bi bakinka. Da ka ce ba ka sani ba, ai da ruwa na sha. Wa ya ce dole sai ka san komai?"

Ban sami amsa ba. Kuskuren ɗaukar giya a matsayin lemo kowa na iya yinsa, baƙi da yawa sun yi, kuma abin sha ne mai ruɗi. Nawa laifin ya wuce nan. An tambaye ni shaida, na bayar a kan abin da ban gani ba, ga mutumin da ba shi da wata hanyar bincikawa sai ni. Wanda ke yi wa wani tafinta riƙon amana yake, kuma amanar ta fi nauyi a daidai wurin da ya rasa gane magana, don a nan ne ba mai kama shi in ya cike gurbin da zato. Na sha ganin 'yan'uwanmu a ofisoshin baƙi da asibitoci suna gyaɗa kai ga maganar da ta wuce su, saboda kada na gida ya raina su. A da ina ganin abin ƙaramin rauni ne da ake yafewa. Yanzu ba na ganinsa haka, don wanda ke biyan kuɗin gyaɗa kan ba shi ne mai gyaɗawar ba.

Kawu bai gaya wa mahaifiyata ba, bai kuma sake tayar da zancen ba. Amma abu ya canja a sauran makonnin da ya yi. Duk abin da na sayo, ko biskit ne, sai ya miƙo mini ya ce in karanta abin da ke ciki da ƙarfi, in fassara ɗaya bayan ɗaya, inda na tsaya in ce na tsaya. A nan na gano yawan kalmomin da nake tsallakewa. A nan kuma na san cewa abin shan da aka rubuta wa babu barasa a Jamus yana iya ɗauke da ita har kashi 0.5 cikin 100, kuma ruwan inabin da ba ya tsima shi ne wanda aka dafa aka kashe yis ɗinsa aka toshe ruf. Abin yana yi mini ciwo, dattijon da a da in na ce ci sai ya ci, yanzu sai na kawo hujja. Ban ga laifinsa ba.

A ganinsa na ƙarshe da likitar da za ta sallame shi, ta yi bayanin magungunan da zai tafi da su Kano, tana sauri don akwai masu jira. Ta zo kan maganin tsinka jini ta faɗi wata jimla da na kama rabinta. Na ji kaina ya fara sunkuyawa zai gyaɗa. Na tsayar da ita na ce ban gane ba, ta maimaita a hankali, ta kuma rubuta mini. Ta ɗan yi jim, ta jawo takarda ta rubuta. Ni na ɗauka ta ce ya daina maganin da zarar ya sauka daga jirgi. Abin da ta ce shi ne kada ya kuskura ya tsallake shi ranar tafiyar, saboda dogon zama a jirgi na sa jini ya daskare a ƙafa, kuma ya ci gaba da sha a gida har kwanakin da ta rubuta su cika.