Tausayin da Ya Kusa Kwantar da Tsohon Soja

A layinmu na Gidan Kwano, gefen titin Bida, akwai dattijon da ya je yaƙin Laberiya cikin rundunar ECOMOG a 1990. Harsashi bai kayar da shi ba, sai ga hawan jini ya shanye masa ɓarin dama. Mu kuma da sunan zumunci muka ɗauke masa komai: mu ba shi abinci a baki, mu yi masa alwala, mu sa masa riga. Kullum sai ƙara yin shiru yake.

Da 'yarsa ta kawo ma'aikacin lafiya mai koya wa majinyata hidimar kansu a gida, mun zaci allura zai yi. Ina! Tsumma ya naɗa wa cokali don hannu ya samu riƙo, ya sa aka kafa ƙarfen dafawa a bayi, aka ajiye kujera kusa da buta. Sannan ya ce mana, "Malam, ku yi haƙuri, ku daina yi masa abin da zai iya."

Maganar ta yi mana zafi, amma gaskiya ce. Ranar da Baba ya fara alwala da kansa, sai da muka jinkirta tayar da sallar La'asar. Ba wanda ya yi ƙorafi.