Iskar Taya da Taswira a Hanyar Mafara

A Amurka, masu motar da ke ɗauke da gado da kicin suna sayen na'urar lura da iskar taya don kada hutunsu ya lalace. Wanda ya ɗebo iyalinsa a Sienna zai yi sallah a Bakura ko Maradun, lissafinsa dabam ne. Matsalar tsaro ta sa akwai wurare tsakanin Gusau da Talata Mafara da ba wanda ke son taya ta tsayar da shi a cikinsu, balle rana ta yi sanyi.

Na'urar ta samo asali ne daga haɗurra. Bayan tayoyin Firestone sun yi ta fashewa a motocin Ford Explorer, majalisar Amurka ta yi doka a 2000, kuma daga 2007 kowace sabuwar ƙaramar mota a can tana fitowa da ita. Saboda haka yawancin motocin da ake shigowa da su daga Amurka suna da ita, sai dai batirin da ke cikin tayar yakan mutu bayan shekara 5 zuwa 10. Shi ya sa fitilar nan mai kama da kofato take kunne kullum a gaban direbobi da yawa, har ido ya saba da ita.

Mai saye zai tarar da iri biyu. Ta cikin taya ta fi aminci, amma ƙarfen mai faci yakan karya ta idan ba a gaya masa tana nan ba. Wadda ake ɗaurawa a bakin bawul ta fi araha, mutum zai ɗaura da hannunsa, haka ma ɓarawo zai kwance. Ga mai bin wannan hanya, ta biyun ta wadatar, muddin tana nuna lamba da zafin kowace taya, domin fitilar mota ba ta kamawa sai iska ta ragu da kusan kashi 25 cikin 100. A Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tayar da ba ta cika ba takan yi ta lanƙwasa ƙarƙashin kaya, ta ɗumama, ta fashe. Ita iska da safe ake aunawa, a bi lambar da ke manne a ƙofar direba. Ta jikin taya iyakar abin da za ta iya ɗauka ce. Al'adar sace iska a tsakiyar tafiya wai don zafi, ita ke jawo abin da ake gudu.

Batun taswira ya fi sauƙi. A Satumban 2021 an katse layukan waya a Zamfara, kuma ko yau akwai inda sabis ke ɗaukewa. Tauraron ɗan adam ba ya buƙatar sabis kafin ya nuna wa waya inda take, amma sai an sauke taswirar yankin a Google Maps tun daga gida. Ita kuwa manhaja gajeriyar hanya take nema. Ba ta san wadda damina ta cinye a gefen madatsar Bakolori ba, ba ta san wadda aka daina bi tun makon jiya ba. Wannan labari yana bakin direbobin tashar Mafara, kuma a can ya kamata mai zuwa Maradun ya tsaya ya tambaya kafin ya bar babban titi.