Ranar da A-kori-kurar Maigidana Ta Kama Kakkarwa

'Yan uwana mata, watanmu uku da aure tsohuwar a-kori-kurar maigidana, Fijo 504, ta soma ciwo. In tana gudu lafiya lau, amma da ya tsaya ya bar ta a silo sai ta hau kakkarwa kamar mai zazzaɓi. Ita ce kuwa abincinmu, da ita yake kai buhunan gero daga Unguwar Ya zuwa Birnin Kudu. Wani bakanike ya ce sai an sauke inji. Ran nan ko tuwo bai taɓa ba.

Ni kuwa 'yar bakanike ce, a gaban Baba na tashi. Da safe na ce, "Yaya, don Allah tayar da ita." Na ɗauki filaya mai hannun roba, na dinga zare wayoyin fulogi huɗun ɗaya bayan ɗaya ina mayarwa. Duk wadda na zare sai kakkarwar ta ƙaru. Da na zare ta ukun, ƙarar injin ba ta sauya ba. Muka kwance fulogin, ga shi baƙi ƙirin da hayaƙi. Sabo ɗaya ya sa, inji ya daidaita.

Ya daɗe yana kallona, ya ce, "Ashe dukiya na ajiye a ɗaka!"

Ƙanwata, sana'ar gidanku kada ki raina ta.