Karen da ban taɓa sa wa hannu ba

Shekara huɗu kare yana gadin sitona a nan Njamena, ko suna ban sa masa ba. Mai gadi ne ke jefa masa sauran tuwo da ƙashi. Ni kuwa in na zo da safe sai in tattare riga, kada ya goge ni in shiga wankin najasa kafin azahar. Da yawa daga cikinmu 'yan kasuwa haka muke, muna son haushinsa da dare, ba ma son ganinsa da rana.

Wata Talata da la'asar ina kasuwar gero aka bugo mini waya, wai karena ya ciji 'yar maƙwabcina a ƙwauri. Yarinya ce 'yar shekara bakwai, aiken gawayi aka yi mata. Na hau klando, kafin in iso lungu ya cika da samari, kowa da sanda ko dutse, kare ya shige ƙarƙashin tsohuwar mota. Kakar yarinyar tana cewa a kashe shi a ciro gashinsa a ƙona a shafa a ciwon, haka ake yi a gida. Ni ma, gaskiya, so nake a kashe shi a huta, don kunya ta ishe ni.

Uban yarinyar ne ya hana. Ya taɓa aikin dako a wani shagon maganin dabbobi, ya ga abin da ban gani ba. Ya ce, "Alhaji, in suka fasa kan karen nan, da me za a gane ko yana da hauka?" Tuni ya sa matarsa ta zaunar da yarinyar a bakin famfo tana wanke ciwon da sabulu, ruwa na zuba, har minti 15. Yarinya na ihu, ni ina ganin an wuce gona da iri. Daga baya na ji cewa wankin nan shi ne abu na farko da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yi, kafin ma a nufi asibiti.

A daren aka fara mata allurar rigakafi, aka rubuta mana ranakun da za a dawo. Ni na biya, kuma kuɗin ya cinye ribar da ban so rabuwa da ita ba. Washegari muka sa kare a buhu muka kai wa likitan dabbobi. Tambayarsa ta farko: ina katin rigakafinsa? Na yi shiru. Ya dube ni ta saman tabarau, bai ƙara ba. Ya ce a ɗaure shi inda ba mai zuwa kusa, a ba shi ruwa da abinci, kada a kashe, kada a sayar, kada a kai shi bayan gari a yar. Kwana 15 za a sa masa ido, a sake duba shi rana ta 7 da ta 15. Wannan tsari na kwana 15 da dubawa uku irin na Faransa ne, wasu ƙasashen kwana 10 suke yi. Hikimar dai ɗaya ce. Karen da cutar ta riga ta sauko masa cikin miyau ba ya wuce kwana goma da rai, don haka in ya kai ƙarshen wa'adi garau, bai sa wa kowa komai ba ranar da ya yi cizon.

Namu bai kai ba. Rana ta uku ya daina ci, muryarsa ta sauya, yana cizon sarƙa har baki na jini. Rana ta biyar ƙafafun baya suka mutu, da asuba ya cika. Likita ya ce kada kowa ya taɓa shi da hannu tsirara. Shi ya zo ya ɗauki kan, aka kai Farcha, cibiyar binciken dabbobi da yanzu ake kira IRED, inda ake duba ƙwaƙwalwa. Sakamako ya fito, haukan kare ne.

A nan ne mai gadina ya nuna mini yatsansa. Ashe kwana biyu kafin a ciji yarinyar, kare ya ɗan kama shi wajen ba da abinci, ya shafa gishiri ya yi shiru don kada in ce ya yi sakaci. Da samarin nan sun kashe kare ranar Talata, da mun binne shi mun binne maganar, shi kuma ba zai taɓa faɗa ba. Cutar takan yi wata biyu ko uku a jiki ba alama, kuma da zarar alama ta fito, mutum ya fara tsoron ruwa, kusan ba mai tashi. A ranar na kai shi asibiti da kaina, a hanya ban iya ce masa komai ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne na san da rigakafin. Ina garin nan a 2012 da 2013, lokacin da cibiyar Farcha da wata cibiyar bincike ta ƙasar Suwizalan suka bi unguwa-unguwa suna yi wa karnuka allura kyauta. An yi wa sama da karnuka 18,000 a shekarar farko, sama da 22,000 a ta biyu, wato fiye da kashi 70 cikin 100 na karnukan birni, adadin da masana ke cewa in an kai shi cutar ba ta samun hanyar yawo. Kuma ta tsaya. Watanni suka shuɗe a 2014 ba a tabbatar da mahaukacin kare a Njamena ba, sai daga baya ta sake shigowa da karnukan da aka kawo daga wajen gari. Lokacin na ɗauka harkar mutanen Mursal da Shaguwa ce, masu kare a tsakar gida, waɗanda yaransu ke jan shi da igiya zuwa wurin allura. Mu namu karnukan ba mai iya kama su, don ba wanda ya saba da su. Nawa ma daga wani ƙauye na hanyar kudu direba ya kawo mini shi yana ɗan kwikwiyo, ban tambayi komai ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa da wannan cuta duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kafin ranar nan da wani ya karanta mini wannan lissafi da na ce Allah ya kyauta, in ci gaba da auna gero.

Yarinyar ta gama alluranta, yanzu tana makaranta, tabo ne kawai a ƙwauri. Ubanta bai kai ni ƙara ko'ina ba, ko wurin mai unguwa, muna gaisawa a masallaci kamar da. Uwar ce har yau in na wuce takan amsa sallamata a taƙaice, ban kuma ga laifinta ba.

Na yi wata shida ba kare, ɓarayi suka fasa sito sau ɗaya. Yanzu akwai wani. Katinsa yana cikin akwatin da nake ajiye takardun kwastan, an rubuta ranar allura ta gaba da jan biro. Mai gadi ne ke riƙe shi in likita ya zo, ni ina tsaye gefe da rigata a tattare, amma sai na ga allurar ta shiga nake tafiya kasuwa.