Ƙaura Namoda, Inda Dogo Ya Tsaya

Mutanen Zariya da Funtuwa kan ce Ƙaura Namoda ce ƙarshen dogo, amma mu da muka tashi a garin, nan muka ɗauka farkonsa. A 1929 layin ya iso, ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau, ya zo ya tsaya a wurinmu. Ba don ƙaunarmu Turawa suka shimfiɗa shi ba, gyaɗa suke so da auduga da ƙiraga. Duk da haka har da mu aka ci moriyarsa.

Ina yaro, kafin a bar fam da sule a koma naira a 1973, kawuna malamin sikeli ne a wurin wani mai sayen gyaɗa kusa da tasha. Da kaka ta yi, garin ba ya barci. Jakuna da raƙuma daga ƙasar Zurmi, motocin katako daga Shinkafi, kowa da buhunansa. Waɗannan garuruwa biyu dogo bai taɓa taka su ba, amma tashar tasu ce kamar yadda take tamu. Fatar da aka saya ranar Alhamis a kasuwar Shinkafi, a Ƙaura take shiga tarago ta nufi Ikko.

Kawu yana da wani ƙarfe mai kwarmi da yake sokawa cikin buhu. In ya zaro, sai ya zube ƙwayar a tafin hannu, ya murza, ya busa, ya duba ko akwai tsakuwa ko danshi. Manomi na tsaye, ido a kan sikeli, ko ƙiftawa ba ya yi, domin kuɗin haraji da na auren ɗiya duk suna cikin wannan awo. In abu ya yi kyau sai Kawu ya ce, "Malam, taka ta shiga." In da gyara, ya ce, "Baba, yi haƙuri, a koma a sheƙe ta." Ban taɓa jin ya ɗaga wa talaka murya ba, ko da rana ta take.

Mu yara namu rabon yana ƙasa. Duk inda 'yan dako suka bi da buhu a ka, gumi na zuba, sai ƙwaya ta zube ta hujin da ƙarfen ya bari. Mu tsince, mu cika gwangwani, mu kai wa wata tsohuwa mai ƙuli-ƙuli, Inna muke ce mata, ta ba mu kwabo. Da an ji kukan jirgi daga nesa, masu tallan fura da dafaffen ƙwai su ruga, wani ma'aikacin reluwe yana daka mana tsawa: "Kai, ɗiyan nan, ku kauce ma dogo!" A bakin ma'aikatan nan na fara jin Yarbanci.

Gyaɗar ce ta fara tafiya. Farin 1973 ya karya manoma, cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 ta ƙarasa saura. Taragu suka riƙa komawa rabi, tireloli suka kwashe ɗan kayan da ya rage, jirgi ya koma zuwa jefi-jefi har muka daina sauraron kukansa. An sha maganar ja da layin zuwa Sakkwato, har yau bai wuce inda aka bar shi ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne talaka. Jirgi ba ya sauri, amma da kuɗi kaɗan tsohuwa za ta je Zariya asibiti da jikanta da ƙunshin kayanta, ɗan ci-rani ya tafi kudu bayan girbi ya dawo kafin shuka. Yanzu sai mota, kuɗinta ya fi ƙarfin mutane da yawa, kuma wanda zai bi hanyar Shinkafi ko ta Zurmi sai ya tambaya tukuna ko 'yan bindiga sun tare ta.